Yadda Ake Ceto Fayiloli Daga Faifan Da Kwamfuta Ta Ce Sai An Yi Masa Fomat

Ka jona faifan ajiyarka a kwamfuta, maimakon ya buɗe sai Windows ta fito da saƙo: "You need to format the disk in drive E: before you can use it." Wani lokaci kuma ta ce "The file or directory is corrupted and unreadable." In ka leƙa Disk Management, wato sashen Windows da ke jera faifan da ke jone, sai ka ga wurin da a da aka rubuta NTFS, sunan tsarin ajiyar fayil na Windows, ya koma RAW, ma'ana babu tsari. Kada ka danna Format. Danna Cancel, ka zare faifan, ka ajiye shi gefe har ka gama karanta wannan bayani. Sau da yawa kayanka na nan lafiya lau a wannan lokacin, abin da mutum ke yi cikin ruɗewa daga baya shi ne yake hallaka su.

Me ya lalace tukuna?

An yanka faifai gida-gida ƙanana da ake kira sekta, kowace tana ɗaukar bayit 512, a sababbin faifai kuma 4096. Hoto ɗaya ko bidiyo ɗaya yana bazuwa a dubban sektoci. Abin da ke riƙe da lissafin cewa fayil kaza sunansa kaza, yana folda kaza, ya fara daga sekta kaza, shi ne tsarin ajiyar fayil: NTFS a Windows, FAT32 ko exFAT a filash da katin memori, ext4 a Linux, APFS a Mac. A NTFS babban kundin lissafin sunansa MFT, kowane fayil yana da layinsa a ciki. Kamar sito ne cike da buhuna, sai littafin mai sito ya jiƙe: kaya na ciki ba abin da ya same su, sanin na wane ne kuma a wace kusurwa yake shi ne ya ɓace. Da Windows ta kasa karanta littafin sai ta ce wurin babu tsari, a yi fomat.

Abubuwan da suka fi jawo haka su ne ɗaukewar wuta ana cikin rubutu a faifai, fizge kebul ba tare da an yi Eject ba, kebul mai sako-sako da ke yankewa yana dawowa, da kuma faifan da ya fara mutuwa. Na ƙarshen nan shi ne mai haɗari, domin a fuska alamarsa iri ɗaya ce da sauran.

Mataki na farko: tsayar da duk wani rubutu

Sektar da aka rubuta sabon abu a kanta ta tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da abin da ke wurin a da. Don haka kada ka ajiye komai a faifan, kada ka saka manhajar ceto a cikinsa, kada ka kwafo abin da ka ceto ka mayar cikinsa. In faifan da ya lalace shi ne wanda Windows ɗin kanta ke kai, wato C, kashe kwamfutar gaba ɗaya. Windows ba ta zama shiru, ko ba ka taɓa komai ba tana ta rubuce-rubucenta a bayan fage. Za ka ciro faifan ka jona shi a wata kwamfutar ta akwatin USB, ko ka tayar da kwamfutar daga filash kamar yadda zan bayyana a ƙasa.

Sai maganar chkdsk, wadda ita ce shawarar farko da kusan kowa zai ba ka. Ni dai ban yarda a fara da ita ba. Aikin "chkdsk /f" shi ne ya daidaita lissafin faifai ya zama babu saɓani, ba ya ceto kayanka ba. In ya tarar da layin da bai gane ba yana iya goge shi, ya tattara guntayen a wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. Kuma yana yin wannan ne kai tsaye a kan kwafi ɗaya tilo da kake da shi, babu komawa baya. Wani lokaci yana gyarawa sumul, ban musa ba. Amma lokacinsa bayan kayanka sun fita ne. Haka nan akwatin "Scan and fix" da Windows ke nunawa in ka jona filash, shi ma chkdsk ne, ka tsallake shi.

Mataki na biyu: lissafi ne ya rikice ko ƙarfen ne ke mutuwa?

Fara da mai sauƙi. Canza kebul, canza bakin USB, in kwamfutar tebur ce ka yi amfani da bakunan baya. Ƙananan faifai na inci 2.5 daga USB suke shan wuta, in ba ta ishe su ba sai su riƙa ƙara suna yankewa.

Sannan ka kasa kunne. Lafiyayyen faifai irin mai juyawa, ba filash ba, yana juyawa ne da sauti ɗaya, yawanci sau 5400 ko 7200 a minti. In kana jin ƙas-ƙas mai maimaituwa, ko ƙarar gogayya, ko ya tashi ya tsaya ya sake tashi, cire shi nan take. Wannan ba aikin manhaja ba ne. Allurar da ke karatu ce ta samu matsala, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya karce fuskar da bayanan ke kai. Kada ka buɗe murfinsa, ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi. Kada ka bubbuga shi, kada ka saka shi a firiza kamar yadda wasu ke yaɗawa, raɓar da za ta taru a ciki ɓarna ce a kan ɓarna. Irin wannan sai kamfanin ceto bayanai mai ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Kafin ka miƙa wa kowane mai gyara, tambaye shi abin da zai fara yi. In bai ambaci ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya ba, karɓi abinka.

In sautinsa daidai ne, duba girman da Disk Management ke nunawa. Faifan 1TB yakan nuna kusan 931GB, wannan daidai ne. In ya nuna 0 ko wani girma da ba nasa ba, matsalar ta wuce tsarin fayil. Daga nan ka saka CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART. Layi uku za ka duba: 05 Reallocated Sectors Count, C5 Current Pending Sector Count, da C6 Uncorrectable Sector Count. In ainihin adadinsu sifili ne kuma ta rubuta Good, da alama lissafi ne kawai ya rikice. In ta rubuta Caution da ruwan ɗorawa, faifan ya fara rubewa, kowane karatu da za ka yi masa yana da tsada.

Wani abu da ke kama da wannan matsala alhali ba ita ba ce: filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu ya dawo foldojinsa duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya. Bairos ne ya ɓoye su. In filash ɗin yana buɗewa kuma yana nuna cewa akwai kaya a ciki, kada ka danna waɗannan gajerun hanyoyin. Buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, ka sa harafin filash ɗinka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su bayyana, ka kwashe su, ka wanke kwamfutar da maganin bairos.

Mataki na uku: ɗauki hoton faifan gaba ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa saboda yana buƙatar faifai na biyu. Hoton faifai fayil ne guda ɗaya da ke ɗauke da kowace sekta ta faifan daga farko har ƙarshe, har da lissafin da ya lalace. In ka same shi, sai ka ajiye ainihin faifan a aljihun tebur, duk gwaje-gwajenka su koma kan hoton. In faifan yana da sektoci marasa lafiya, wannan matakin dole ne. In lafiyarsa ƙalau kuma kayan na da muhimmanci, har yanzu ina ba da shawarar a yi.

Kana buƙatar faifai lafiyayye da ke da filin da ya fi girman mara lafiyar gaba ɗayansa, ba girman kayan da ke ciki kawai ba, da ƙarin wurin da za ka zuba abin da aka ceto. Na 500GB yana son aƙalla 1TB. Kada mazubin ya kasance FAT32, domin ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai 4GB. In ba ka da shi, aro ya fi asara.

Manhajar da ta fi dacewa ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Hikimarta ita ce ba ta nacewa a wurin da ya ƙi karantuwa. Tana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ta tsallake masu wuya, sai daga baya ta dawo musu. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ɗan fayil, saboda haka in wuta ta ɗauke ko batir ya ƙare, kana sake ba da umarnin za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ga wanda wutarsa ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta. Duk da haka ka yi aikin a laftof mai batir mai kyau ko a kan inbata, domin yankewar wuta ba ta yi wa faifai mara lafiya daɗi.

A Linux take aiki. Sauke SystemRescue, wani Linux da aka haɗa don aikin ceto, a wata kwamfuta, ka ɗora shi a filash da manhajar Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Yana zuwa da ddrescue da TestDisk da PhotoRec a ciki, kuma ba ya buɗe faifai da kansa sai ka umarce shi. In Ubuntu kake da shi, wato wani nau'in Linux, sunan kunshin da za ka saka gddrescue. Jona faifan biyu ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Za ka ga sunaye irin sda, sdb, sdc tare da girma da samfurin kowanne. Tsaya a nan ka tabbatar wanne ne mara lafiya, wanne ne mazubi, ka rubuta a takarda. Sunayen suna iya canzawa duk lokacin da aka sake kunna kwamfuta, don haka kullum ka sake dubawa. A misalin nan sdb ne mara lafiya, sdc1 ne mazubi:

mkdir /mnt/ceto
mount /dev/sdc1 /mnt/ceto
ddrescue -n /dev/sdb /mnt/ceto/faifai.img /mnt/ceto/faifai.map

A Ubuntu ka sa sudo a gaban kowane layi. Tsarin umarnin shi ne inda za a ɗauko, inda za a zuba, sai taswira. Alamar -n tana nufin a wannan zagayen kada a tsaya kankare wurare masu wuya. Lafiyayyen faifan 1TB da ke ba da 100MB a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa 3, mara lafiya yana iya cin kwanaki. Ka riƙa duban layin "pct rescued". In ya gama da 100%, shi ke nan. In da saura, yi zagaye na biyu da taswirar nan dai:

ddrescue -d -r3 /dev/sdb /mnt/ceto/faifai.img /mnt/ceto/faifai.map

Wannan zai koma wuraren da suka ƙi, ya gwada kowanne har sau 3. Sa fanka ta riƙa hura faifan in ana zafi. In ya fara ƙas-ƙas ana cikin aiki, danna Ctrl da C ka tsayar. Kuma kada ka matsa sai ka ga 100%. In ka samu 99.9%, ragowar ba lallai ne ta faɗa kan abin da kake nema ba.

Wanda Linux ya yi masa nauyi kuma SMART ya nuna faifansa lafiya, yana iya ɗaukar hoton a Windows da manhajar ceto mai suna DMDE, ko da Image Creation da ke cikin sashen Advanced na TestDisk.

Mataki na huɗu: TestDisk, don fitar da kaya da sunayensu

TestDisk manhaja ce ta kyauta da Christophe Grenier, ɗan Faransa, ya rubuta, ana samunta a shafin CGSecurity tare da 'yar'uwarta PhotoRec. Baƙin allo ne da rubutu, da kibiyoyi da Enter ake tuƙa ta, amma ba ta da wuya. Buɗe ta a kan hoton:

testdisk /mnt/ceto/faifai.img

Zaɓi faifan ka danna Proceed. Za ta tambayi nau'in teburin ɓangarori, wato lissafin yadda aka raba faifan kashi-kashi kamar C da E, yawanci ta riga ta haska wanda ta gano, Intel ko EFI GPT, ka bar shi haka. Shiga Analyse, sannan Quick Search. Za ta jero ɓangarorin da ta samu. Haska wanda girmansa ya yi daidai da naka ka danna P. In sa'a ta yi, foldojinka za su bayyana da sunayensu kamar ba abin da ya faru.

A nan mutane ke ɗokin danna Write don faifan ya dawo yadda yake. Dakata, kwashe kaya tukuna. Kibiyar dama tana shiga folda, ta hagu tana fita. Alamar : tana zaɓen abu ɗaya, ƙaramin a yana zaɓen duka, babban C yana kwafe abin da ka zaɓa, sai ta tambaye ka inda za ta zuba, ka nuna mata lafiyayyen faifan ka sake danna C. Fara da abin da ba za ka iya sake samu ba: takardun aiki, kundin bincike, lissafin kasuwanci, hotunan iyali. Finafinai da waƙoƙin da za a iya sake saukewa su jira.

In Quick Search bai ga komai ba, ko P ta ce tsarin ya lalace, gwada Deeper Search, yana daɗewa. In ɓangaren yana nan amma ya ƙi buɗewa, koma Advanced, zaɓe shi, ka shiga Boot. NTFS yana ajiye kwafin sektarsa ta farko a can ƙarshen ɓangaren, FAT32 kuma a sekta ta 6. TestDisk za ta gaya maka wanne ne lafiya. In na farko ya lalace na ajiya yana da kyau, Backup BS zai ɗora mai kyau a kan mara kyau, kuma sau da yawa wannan kaɗai ke mayar da RAW ya koma NTFS. In duka biyun sun lalace akwai Rebuild BS, akwai kuma Repair MFT. Waɗannan ukun rubutu suke yi, don haka a kan hoto ake yin su, in da fili ma a kan kwafin hoton.

In MFT ya ci duka sosai

Wani lokaci TestDisk ba za ta iya jero komai ba. Kafin ka sauka zuwa matakin ƙarshe, gwada manhajar da ke bin faifai tana tsinto guntayen MFT tana sake gina foldoji. DMDE tana yin haka da Full Scan, kuma ta kyautar tana barinka ka fitar da fayil har 4000 daga folda ɗaya a kowane karo. R-Studio ta kuɗi ce, amma tana nuna maka abin da ta gano kafin ka biya. Ƙa'idar ita ce kada ka biya kuɗin kowace manhaja sai ka buɗe samfotin fayilolinka ka gan su da idonka, domin ganin suna a jeri ba shaida ba ce cewa abin da ke ciki yana da rai. Recuva, wadda aka fi sani, ta fi amfani in goge abu aka yi bisa kuskure a faifai mai lafiya. Ka guji manhajojin da aka fasa ake rabawa a intanet, da yawansu da bairos suke zuwa.

Mataki na ƙarshe: PhotoRec

PhotoRec ba ta kula da lissafi sam. Tana bin sektoci ɗaya bayan ɗaya tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, JPG da tasa, PDF da tasa, ta san ɗaruruwan iri, ba hotuna kaɗai ba. Shi ya sa take aiki ko tsarin ya ruguje gaba ɗaya. Abin da za ka rasa shi ne sunaye da foldoji. Za ka samu foldoji recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu, cike da fayiloli masu suna irin f1234567.jpg. Manyan fayilolin da ke warwatse a faifai, musamman bidiyo, sukan fito a yanke.

Buɗe ta da "photorec /mnt/ceto/faifai.img". Kafin Search, shiga File Opt, danna s ka cire duka, sannan ka zaɓi irin waɗanda kake nema kawai, in ba haka ba za ka nutse cikin dubban tarkacen Windows. Ka lura docx da xlsx a ƙarƙashin zip suke, sai ka zaɓe shi. A tambayar tsarin fayil zaɓi Other in NTFS ko FAT ne, sannan Whole, sannan wurin zubawa. Wajen tantancewa, jera fayilolin bisa girma ka watsar da ƙananan hotuna na 'yan KB. Hotunan waya da kyamara suna ɗauke da ranar da aka ɗauke su a cikinsu, manhajar ExifTool na iya rarraba su wata-wata da wannan ranar.

Wasu yanayi na daban

In ka riga ka danna Format, kada ka yanke ƙauna. Quick Format sabon lissafi kawai yake shimfiɗawa, DMDE ko PhotoRec za su iya samo da yawa muddin ba ka zuba sabon kaya ba. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina, bayansa babu abin da ya rage. A SSD, wato faifan da ba ya juyawa, lamarin ya fi tsanani saboda TRIM, umarnin da ke sa faifan ya share wuraren da aka ce ba a buƙata, don haka gogewa ko fomat a SSD yawanci ba ya dawowa. Rikicewar lissafi kaɗai ba ta jawo TRIM, shi ya sa ƙin danna Format ya fi muhimmanci a nan.

In faifan na da BitLocker, wato makullin Windows da ke rufe bayanan faifai, babu manhajar da za ta ga komai sai da kalmar sirrinsa ko mabuɗin ceto mai lamba 48. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da shi a kunne mai su bai sani ba. Duba asusunka na Microsoft a sashen na'urori, ko ka tambayi ofishin da ya ba ka kwamfutar.

Faifan Linux mai ext4 yana da kwafin babban kundinsa a wurare da dama. A kan hoton ɓangaren, "e2fsck -b 32768" yakan tayar da shi daga kwafin farko.

Akwai kuma filash da memori na jabu, wanda aka rubuta 64GB alhali cikinsa 8GB ne. Yana karɓar kaya ba musu, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa bai taɓa zama a ciki ba, ba kuma za a ceto shi ba. Manhajar H2testw na tona asirin irinsu, a gwada tun suna sababbi babu komai a ciki.

Bayan kaya sun fita

Buɗe fayilolin da hannunka, daga foldoji daban-daban, ka ja bidiyo zuwa tsakiya da ƙarshe, ka buɗe takardun Excel ka ga lissafin na nan. Kada ka goge hoton faifan sai ka tabbatar babu abin da ya rage, gara ya yi makonni a ajiye. Abin da ka ceto ka yi masa kwafi na biyu a ranar, mafi muhimmancinsa kuma ka ɗora a Google Drive, wanda ke ba da 15GB kyauta.

Sai yanzu ne za ka iya gwada chkdsk a kan tsohon faifan, ko ka yi masa cikakken fomat. In an gama ka sake buɗe CrystalDiskInfo. In 05 da C5 da C6 duk sifili ne, wuta ko kebul ne suka jawo matsalar, kana iya ci gaba da amfani da shi da sabon kebul, kana yin Eject kafin ka zare. In ko ɗaya daga cikinsu ya motsa daga sifili, musamman in adadin yana ƙaruwa, kada ka sake ajiye abin da kake so a cikinsa ko da ya karɓi fomat ya buɗe lafiya, kuma kada ka sayar wa wani a matsayin mai lafiya.